Yadda Ake Yi Wa Kai Hisabi Kullum Har Zuciya Ta Samu Natsuwa Mai Ɗorewa

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur ya san daɗin makon farko. Ana goge shi safe da yamma, ana nema masa inuwa. Bayan wata biyu ya zama abin hawa kawai, ido kuma ya koma kan motar maƙwabci. Ƙarin albashi ma haka yake, sabon ɗinki haka, tarewa a sabon gida haka. Jin daɗin nan halal ne, sai dai ba ya zama. Abin da ke zama shi ne natsuwa: mutum ya kwanta zuciyarsa ba ta tuhumarsa, ya tashi ba ya jin haushin rabon da Allah Ya yanka masa, ko da aljihu ba nauyi. Manzon Allah (SAW) ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. A Suratur Ra'adi, aya ta 28, Allah Ya ce da ambatonSa ne zukata ke natsuwa.

Irin wannan natsuwa gina ta ake yi, kuma aikin da ake gina ta da shi malamai suna kiransa muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Tushensa yana Suratul Hashri, aya ta 18, inda aka umurci kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111), ya tsara aikin a cikin littafinsa Ihya'u mataki shida: gindaya wa rai sharaɗi, sa masa ido, yi masa lissafi, hukunta shi, yaƙi da son zuciyarsa, da yi masa faɗa. Ya kwatanta shi da yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin cinikinsa in an tashi kasuwa. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuma faɗuwa. Ɗan kasuwar da ke son ya daɗe a rumfarsa, uwar kuɗi yake fara dubawa kafin ya tambayi riba.

Ga mai aiki da iyali, matakan nan shida suna shiga cikin zama biyu, na safe da na dare, da 'yar tsayawa a kowace salla. Gaba ɗaya ba su wuce minti 25 a yini ba.

Lokaci, wuri da abin da za a tanada

Zaman safe minti 5 ne, bayan sallar Asuba. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa Annabi (SAW) yakan zauna a wurin da ya yi sallar Asuba har rana ta fito, don haka lokacin yana da asali. Zaman dare minti 15 ne, bayan Isha'i. A yi shi a zaune, kafin a hau shimfiɗa, domin wanda ya ce zai yi a kwance barci ne zai yi masa sallama tun bai kai rabi ba.

Yanayin Katsina da Daura yana da tasiri a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya barin mutum ya zauna a ɗaki da dare, in ba wuta kuwa kowa yana waje, tsakar gida cike, ƙofar gida cike. A watannin nan gara namiji ya yi zamansa a masallaci da zarar an sallame Isha'i, bayan sahu ya watse. Da damina manomin da ya wuni a gona yakan dawo jiki a mace, to shi tsakanin Magariba da Isha'i ya fi masa. Matar aure mai ƙananan yara da wuya ta samu dare, sai ta ɗauki hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana, ta yi lissafin jiya. Kwanakin al'ada da na biƙi ba sa tsayar da aikin. Salla ce aka ɗauke mata, zikiri da addu'a da hisabi suna nan.

Abin tanadi kaɗan ne: sallaya ko tabarma, carbi ga mai amfani da shi, ƙaramin littafin rubutu da biro. Waya a kashe ta ko a bar ta a wani ɗaki. Da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. Wanda ba ya rubutu ya riƙe abu ɗaya a ka, ya wadatar. Amma a kiyaye abu guda: kada a rubuta zunubi dalla-dalla, kada a rubuta sunan kowa. Littafi yana iya faɗawa hannun mata ko miji ko 'ya'ya, kuma abin da Allah Ya rufa wa bawa asiri a kai, bai kamata bawan ya tona wa kansa ba. Alama ta isa, kamar harafi ɗaya ko ɗan layi wanda mai shi kaɗai ya san ma'anarsa.

Mai wuridin ɗariƙa, Tijjaniyya ce ko Ƙadiriyya, ya ci gaba da abinsa. Mai karanta azkar na safe da yamma shi ma haka. Hisabi ba ya maye gurbin ko ɗaya, yana zuwa ne a bayansu.

Zaman safe: sharaɗi ɗaya

Bayan azkar, ka dubi yinin da ke gabanka: ina za ka, wa za ka haɗu da shi, a ina ka saba zamewa. Sai ka gindaya wa ranka sharaɗi ɗaya tak, wanda da dare za a iya amsa shi da e ko a'a. "Yau zan zama mutumin kirki" ba a iya auna shi. Wanda ake iya aunawa shi ne: yau in an fara cin naman wani a majalisa zan canza zance ko in tashi. Yau ba zan rantse a kan farashi ba. Yau La'asar ba za ta wuce ni a kasuwa ba. Yau ba zan mayar wa uwar mijina magana ba. Mai Keke Napep yana iya cewa yau ko an sha gabansa a shataletale ba zai yi zagi ba.

Dalilin taƙaitawa a kan guda shi ne rai ba ya riƙe alkawari biyar lokaci ɗaya. In ya karya biyu kafin Azahar sai ya saki sauran ukun, ya ce yau ta riga ta ɓaci. Sharaɗi ɗayan nan kuma ana maimaita shi kwana da kwanaki, ba a canza shi kullum. Kwana 30 zuwa 40 a kan hali ɗaya ya fi a taɓa halaye goma a saki.

Da rana

Sallolin Azahar, La'asar da Magariba su ne wuraren tsayawa. Bayan sallama da tasbihi, ka ƙara daƙiƙa 30, ka tambayi kanka ko sharaɗin safe yana nan. In ya karye, ka yi istigfari ka sake ɗaura shi daga nan, kada ka jira gobe. In fushi ne ya taso a tsakiyar aiki, sunna ta ba da tsari: neman tsari daga Shaiɗan, sannan in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Amfanin canza zaman shi ne yana sa tazara tsakanin tafasar zuciya da buɗe baki, kuma a tazarar nan hankali ke dawowa.

Zaman dare

Nan ne gundarin aikin, kuma jerin yana da muhimmanci.

Ka yi alwala in da hali, ka zauna. Minti 2 na farko istigfari ne a hankali, ba a tsere da carbi, har numfashi ya daidaita kuma hayaniyar yini ta fara lafawa. Ba a fara tunani da zuciya mai zafi, domin duk lissafin da aka yi cikin fushi kan wasu zai ƙare.

Minti 3 na gaba na ni'ima ne. Ka kawo guda uku da suka faru yau, takamaimai. Cewa "lafiya da zaman lafiya" gaskiya ne, amma baki ya saba da shi har zuciya ba ta jin sa. Ka ce: yaron da ya kwana da zazzaɓi ya tashi ya ci tuwo. Wanda nake bi bashi ya kawo rabi ban tambaya ba. Na je Jibiya na dawo lafiya. Ka yi ƙoƙari kada ka maimaita ni'ima ɗaya cikin mako guda, domin hakan ne ke tilasta wa ido ya riƙa neman sababbi da rana. Ana fara da ni'ima kafin laifi saboda wanda ya fara da laifinsa yakan ƙare da yanke ƙauna, wanda ya fara da kyautar Ubangijinsa kuwa in ya zo kan laifin kunya ce ke kama shi, kuma kunya tana gyara mutum ta hanyar da yanke ƙauna ba ya yi. Hadisin Tirmizi yana taimakawa a daren da ka rasa abin kawowa: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne.

Sai minti 5 na bin sawun yini. Kada ka dubi yinin dunƙule, ka yanka shi da salloli: daga Asuba zuwa Azahar, daga Azahar zuwa La'asar, haka har Isha'i. A kowane yanki tambaya huɗu ce. Ta farko uwar kuɗi: sallar ta zo a kan lokaci, kuma na san abin da na karanta a cikinta? Ta biyu harshe: me na faɗa wanda ba zan so a maimaita a gaban mai shi ba? Ta uku haƙƙi: akwai wanda na tauye, a awo, a canji, a lokacin aikin da ake biyana, ko a rabon kwana tsakanin matan aure? Ta huɗu zuciya: me ya motsa a ciki lokacin da na ji alherin wani, ko aka yabe ni, ko aka ƙi gaishe ni?

Wanda ya zauna a zauren malami a Katsina ko Daura ya riga ya riƙe ma'aunin wannan tambaya ta huɗu, ko da bai lura ba. Littafin Ahlari, wanda yana cikin littattafan da ɗalibi ke fara fiƙihu da su, kafin ya shiga tsarki da salla sai da ya jero abubuwan da suka haramta ga baligi: ƙarya, giba, annamimanci, girman kai, jiji da kai, riya, son a ji, hassada, ƙiyayya, ganin fifiko a kan wani. Da yawa an haddace shafin nan tun ana yara, an wuce zuwa babin alwala, ba a sake waiwayarsa ba. Shi ne ya kamata a buɗe da dare. Birnin Katsina da ya fitar da su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17 bai rasa ilmin gyaran zuciya ba, aiki da shi kullum ne ya yi ƙaranci.

Daga abin da ka tarar, ka ɗauki guda ɗaya, mafi nauyi, ka ba shi minti 3. Abin nema a nan shi ne sanadi. Ka daka wa yara tsawa da Magariba: me ya gabace ta? Sau da yawa za ka tarar ba yaran ba ne. Yunwa ce, ko barcin awa huɗu, ko kiran mai bin bashi da La'asar, ko wata magana da aka yaɓa maka a wurin aiki ka haɗiye. Ka yi giba: a wace majalisa, tare da wa, da ƙarfe nawa? In aka yi mako biyu ana rubuta sanadi, sai a ga abu ɗaya ko biyu ne ke ta dawowa. Gyaran sanadi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kokawa da hali tsirararsa. Wanda ya gane cewa gibarsa duk a teburin mai shayi ɗaya take faruwa bayan Isha'i, ya san abin da zai yi.

Minti 2 na ƙarshe na rufewa ne. Ka tuba daga abin da ka gani, ka karanta Sayyidul Istigfari wanda Buhari ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, ka ƙudurta gyara ɗaya na gobe, ka rufe littafin. In ka kwanta ka yi tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali: Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu Akbar 34. Daga nan an rufe lissafin yau. In tunanin ya dawo a kan shimfiɗa, ka ce masa an gama, sai gobe.

Haƙƙin mutane

Mutum yana iya shekara yana zikiri da tsayuwar dare, natsuwa ta ƙi zuwa, kuma mafi yawan lokuta a nan matsalar take. Zuciyar da ke ɗauke da haƙƙin wani ba ta kwanciya, komai yawan carbin da aka ja. Sharuɗan tuba sanannu ne: nadama a kan abin da ya wuce, barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba. In laifin ya shafi wani bawa, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko ya yafe. Hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito ya isa tsoratarwa: mutum ya zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare.

Saboda haka a makon farko ka ware zama guda, na awa ɗaya, domin wannan kaɗai. Ka jero duk abin da ke wuyanka: bashin da ka yi shiru a kai kana fatan an manta, zubin adashin da ka ɗauka ba ka ƙarasa ba, ladan ɗan aiki ko almajirin da ke yi wa gida wanke-wanke, kayan aro da suka zama naka, tiyar da aka bubbuge gindinta, algus a cikin hatsi. Mafi nauyi a ƙasar nan shi ne gado: gona ko gida da aka ƙi rabawa shekara da shekaru, babban wa yana nomawa, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu suna jin kunyar tambaya. Shirun da suka yi ba yafewa ba ne.

Ka fara da mafi ƙanƙanta domin ƙafa ta saba da tafiyar, sannan ka nufi manya. In kuɗin ba su cika ba, zuwa da magana ya fi ɓuya. A ce: "Alhaji, kuɗinka naira dubu 20 suna wuyana, ban manta ba. Ba ni da su a dunƙule, amma zan riƙa kawo dubu 2 duk Juma'a." In gado ne: "Yaya, maganar gonar Baba ce ta kawo ni. Ina so mu kira malami a raba, kowa ya san nasa." In mai haƙƙin ya rasu, magadansa ake ba. In an neme shi an rasa, malamai sun ce a yi sadaka da kimar abin da niyyar ladan ya je gare shi.

Giba tana da nata hukunci. In maganar ta riga ta kai kunnensa, a je a nemi gafara. In ba ta kai ba, kuma faɗa masa zai haifar da gaba, malamai da yawa sun zaɓi a nema masa gafara wurin Allah, a kuma ambaci alherinsa a majalisar da aka ci namansa. Gaba kuwa an ba ta iyaka, kwana uku, kuma mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama. Ba dole ba ne a koma aminci irin na da, musamman in akwai cutarwa. Sallama da gaisuwa da cire ƙulli daga zuci su ne abin da ake nema.

Hassada da kallon na wani

Bayan haƙƙi, babu abin da ke cinye natsuwa kamar auna kai da wasu. Da can mutum maƙwabtansa kaɗai yake gani. Yanzu kafin ya yi barci ya ga lefen Abuja, da ankon bikin Kano, da Umrar wanda suka yi firamare tare, duk a Facebook da TikTok da WhatsApp. Muslim ya ruwaito umurnin a dubi wanda ke ƙasa a abin duniya, kada a dubi wanda ke sama, domin hakan ya fi sa a ƙi raina ni'imar Allah. A aikace, a ajiye waya aƙalla minti 30 kafin zaman dare, kuma duk shafin da aka lura ana tashi daga kallonsa da ƙuncin rai, a daina bin sa. A samu wata ziyara ko sau ɗaya a wata, dubiya a asibiti ko kai abinci ga waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, a je da niyyar taimako.

In hassadar ta kama mutum ɗaya takamaimai, kishiya ce, ko faccala, ko abokin sana'ar da rumfarsa ta fi taka ciniki, maganinta yana da ɗaci amma yana ci. Ka ambaci sunansa a cikin addu'arka kowane dare, ka roƙa masa ƙarin abin da kake jin zafinsa a kai. Daren farko harshe ne kaɗai zai faɗa, zuciya tana ja da baya. A ci gaba. Motsin farko da ke zuwa ba da zaɓi ba, ba a kama bawa da shi matuƙar bai yi magana ko aiki da shi ba. Abin da ake hana shi shi ne ya zauna ya yi saiwa.

Inda aikin ke lalacewa

Na farko shi ne ɗaukar kaya fiye da ƙarfi. Mutum ya ji wa'azi ya motsu, ya ɗora wa kansa istigfari dubu, izu biyu, tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, duk a mako guda. Kwana goma ya saki duka, ya ƙara da jin cewa shi ba na kirki ba ne. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Kada a ƙara komai a kan minti 25 ɗin nan sai an yi kwana 40 ana yi.

Na biyu, zaman ya juye ya zama lissafin laifin wasu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Alamarsa ita ce ka tashi daga zaman ka fi jin haushi. Ko da kashi tara cikin goma na rigimar laifin ɗayan ne, naka kashi ɗayan kaɗai ne aikin daren.

Na uku ya fi haɗari ga masu tsoron Allah sosai: hisabi ya zama azabtar da kai. Mutum ya yi ta tono zunubin shekara goma da ya riga ya tuba daga gare shi, yana shakkar ko an karɓa, yana sake alwala, yana sake niyya. Wannan waswasi ne, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu ya yanke cewa mai waswasi ya watsar da shakkarsa, kada ya biye mata. Shi ya sa aka sa wa zaman iyakar minti 15, aka kuma taƙaita shi a kan yini ɗaya. Hukunta rai da Gazali ya ambata ma a yi shi da sauƙi: sadakar naira 200 in an yi giba, ko raka'a biyu in an makara salla saboda sakaci. Abin da zai ɗan ji a jika ya tuna, ban da cutar da jiki ko tauye abincin iyali.

Na huɗu yana zuwa ne bayan an fara ganin nasara. Mutum ya soma ganin 'yan majalisarsu a matsayin gafalallu, yana jin shi ya wuce nan. Wannan jiji da kai ne, kuma ya fi gibar da aka bari muni. Rigakafinsa ɓoye aikin. Ban da malamin da kake shawara da shi, ba wanda ke bukatar ya san kana yi.

Akwai kuma mai fakewa da zaman masallaci ya bar gida ba cefane, yana kiran abin tawakkali. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Hisabin da bai sa mutum ya fi kula da gidansa da sana'arsa ba, akwai gyara a cikinsa.

Bushewar zuciya kuwa, wato a yi kwanaki ana zama ba a jin komai, ba lalacewa ba ce. Sahabi Hanzala ya kai kukan irin wannan sauyin hali har yana tsoron munafunci, Annabi (SAW) ya ce masa sa'a da sa'a, wato zuciya ba ta zama a hali ɗaya kullum. A ci gaba da zama ko an ji daɗi ko ba a ji ba.

In abin ya wuce na zaman dare

Wani ƙuncin ciwo ne, kuma ba raunin imani ba ne. In mutum ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da yake so da ya daina burge shi, barci ya lalace, cin abinci ya canza, jiki ba ƙarfi, to a ga likita, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa. In har tunanin kashe kai ya shigo, a ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Mai jego da ta kasa jin daɗin jaririnta tana ta kuka ba dalili, ita ma haka. Wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga a yankin Batsari ko Safana ko Faskari, yana firgita cikin barci, kada a ce masa ya zauna ya binciki laifinsa. Abin da aka yi masa zalunci ne. Shi a wannan hali ni'ima da addu'a kaɗai zai ɗauka daga tsarin nan, musamman addu'ar da Anas ya ruwaito ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje, tare da magani da zama cikin 'yan'uwa.

Duba na mako da na wata

Ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci ko bayan La'asar, a ƙara minti 10 a karanta abin da aka rubuta a mako. Ana neman abin da ya fi maimaituwa da sanadinsa. A ƙarshen wata a yanke shawara: a ci gaba da sharaɗin nan, ko ya zauna a ɗauki wani. Yana da kyau a samu mutum ɗaya mai gaskiya, malami ko amini, a riƙa tambayarsa abin da yake gani, domin akwai aibin da mai shi ba ya hangowa ko ya shekara yana bincike.

Ba a auna ci gaba da hawaye ko mafarki. Ana auna shi da abubuwan da ake gani: fushin da kan kwana uku yanzu yana sauka kafin Isha'i, jerin basussuka ya ragu da biyu, an ji alherin wani an yi barci lafiya, mutanen gida sun daina yin tsit in ka shigo. Waɗannan sukan ɗauki watanni kafin su bayyana, kuma na gida sukan riga mai shi lura.

In tafiya ko rashin lafiya ko sakaci ya sa an yi kwanaki ba a zauna ba, ba a rama hisabin da ya wuce. A buɗe sabon shafi, a sa kwanan watan yau, a fara daga Asubar yau.